Yadda Ake Ziyartar Kufan Angkor ga Mazauna Ƙasashen Asiya

Ɗalibanmu da ke Malesiya da 'yan kasuwarmu masu kai-komo tsakanin Bankok da Guangzhou sun fi kowa a cikinmu kusa da Angkor, amma da wuya ka ji wanda ya taka wurin. Daga Kuala Lumpur zuwa Siem Reap, garin da ake sauka, tafiyar awa biyu ce da 'yan mintuna a jirgi. Wanda zai taso daga Kano ko Yamai kuwa sai ya kwana a hanya, ya kuma zubar da kuɗin da zai isa jari. In Allah ya sa kana zaune a wannan sashe na duniya, ɗan gajeren hutu ya ishe ka.

Angkor kufan babban birnin daular Khmer ne, a arewa maso yammacin Kambodiya. Daular ta kafu a shekarar 802, ta yi tashenta kusan shekara 600, har ikonta ya kai cikin ƙasashen Tailan da Laos na yau. Gidajen mutane, har da fadar sarki, na katako ne, duk sun ruɓe. Abin da ya rage shi ne wuraren bauta na dutse, da ganuwa, da tafkuna. Filin ya kai murabba'in kilomita 400, kuma UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 1992. Wannan girman ne ya sa nake ganin mai cewa zai gama da Angkor a yini ɗaya hoto kawai ya je ɗauka.

Ka fara da takarda, kafin tikitin jirgi

Abokin karatunka ɗan Malesiya ko ɗan Indonesiya zai ce maka ba a bukatar biza. Gaskiya ya faɗa, amma game da fasfonsa. An daɗe ana sa Najeriya da Sudan cikin ƙasashen da Kambodiya ke ƙara wa sharuɗɗa, kuma dokar takan sauya. Saboda haka ka je ofishin jakadancin Kambodiya da ke ƙasar da kake zaune, ko ka rubuta musu, ka tambayi abin da ya shafi fasfonka kai tsaye. In akwai hali ka karɓi bizarka a can, ka shiga jirgi da ita a manne. Kada ka dogara da cewa za a ba ka a filin jirgi. Bizar yawon buɗe ido ta kwana 30 ce, kuma dole fasfo ya zama da sauran wata shida.

Ka buga waɗannan a takarda, kada ka bar su a waya kaɗai: tikitin dawowa, shaidar kama ɗakin otal, katin makaranta ko takardar wurin aiki, da izinin zamanka. Ka haɗa da katin rigakafin shawara, ko da ka daɗe rabonka da gida. Akwai kuma fom na shiga ƙasa da ake cikewa ta intanet cikin kwana bakwai kafin sauka, kyauta ne, a shafin gwamnati. Jami'an shige da fice sukan tsananta tambaya ga baƙar fata, wani ɓangare saboda gungun 'yan damfarar intanet da ke yaudarar matasa daga ƙasashe daban-daban da sunan aiki su kulle su. Wannan ma abin lura ne: duk wanda ya yi maka tayin aiki mai tsoka a Kambodiya ta Facebook ko Telegram, ka yi nesa da shi.

Abin da mutane suka fi mantawa shi ne komawa. Ka tabbata izinin zamanka yana ba ka damar fita ka dawo. A Tailan, misali, wanda aka tsawaita wa zama in ya fita ba tare da izinin sake shiga ba, zamansa ya mutu ke nan. Ɗalibi kuma ya duba kada fasfonsa ya kasance a hannun makaranta ana sabunta biza a daidai lokacin hutun.

Lokaci da hanya

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne iska ta fi daɗi, kuma nan ne aka fi cika. Maris zuwa Mayu zafi ne, a Afrilu yakan kusa digiri 40, ga gumi da ba ya bushewa. Kada ka ce ai ka saba da rana a gida, wannan zafin mai laima ne, yana tsotse ƙarfin mutum tun kafin hantsi ya dubi ludayi. Damina daga wajen Yuni zuwa Oktoba ce. Ni na fi son ta: ruwan yakan zo da la'asar ya wuce, tafkuna sun cika, duwatsu sun yi kore, otal ya yi araha, mutane sun ragu. Ka guji tsakiyar Afrilu, lokacin sabuwar shekarar Khmer, sai in cunkoso kake nema.

Sabon filin jirgin Siem Reap da aka buɗe a Oktoban 2023 yana da nisan fiye da kilomita 40 daga gari, kusan tafiyar awa guda. Ka sa wannan a lissafinka na kuɗi da na lokaci. In jirgin Phnom Penh, babban birnin ƙasar, ya fi araha, bas daga can awa biyar zuwa shida ne. Hanyar mota daga Bankok ta Poipet da aka saba bi a da, rikicin iyaka tsakanin Tailan da Kambodiya a 2025 ya sa an rufe ta, don haka kada ka shirya tafiya a kanta sai ka tabbatar da halin da ake ciki.

Dalar Amurka da riyel na ƙasar duka suna tafiya, dala ɗaya kusan riyel 4,000. Ka zo da dala sababbi fil, domin wadda ta yage ko ta tsufa sai mai shago ya juya ta ya miƙo maka abinka. Canjin da bai kai dala ba da riyel za a ba ka.

Masauki, abinci, salla

Ka nemi ɗaki kusa da unguwar Stung Thmey, ɗan tafiya kaɗan daga tsohuwar kasuwa da ake kira Psar Chas. A nan masallacin An-Neakmah yake, kuma gidajen abincin Musulmi na kewaye da shi. Yawancin Musulmin Kambodiya 'yan ƙabilar Cham ne, mabiya mazhabar Shafi'iyya, kuma da yawansu suna jin Malayanci, wanda zai taimaki ɗalibin Malesiya sosai. Titin mashaya da Turawa ke cika da dare yana kusa da kasuwar, in kana son barci kada tagarka ta dube shi.

Naman alade ya shiga abincin Khmer ƙwarai, har a romon taliyar safe da ba za ka ga nama a kai ba. Sunansa sach chruk, ka riƙe shi. Kifi kuwa ga shi nan birjik daga tafkin Tonle Sap, kuma amok, kifin da ake turarawa da madarar kwakwa a ganyen ayaba, ya cancanci a ɗanɗana. A cikin filin Angkor abincin halal ba shi da yawa, sai ka yi guzuri daga gari ko ka dawo cin rana.

Tikitin shiga

Hukumar Angkor Enterprise ce kaɗai ke sayar da shi, a ofishinta da ke hanyar fita gari ko a shafinta na intanet. Kada ka saya a hannun kowa. Farashin da aka sa tun 2017 shi ne dala 37 na kwana ɗaya, 62 na kwana uku, 72 na kwana bakwai. Yaro ɗan ƙasa da shekara 12 ba ya biya, amma a riƙe fasfonsa. Ana duba tikitin a kusan kowace ƙofa.

Ka sayi na kwana uku. Ba dole ne ka yi su a jere ba, kana da kwana goma ka cinye su, wato za ka iya hutawa a tsakani. Wata dabara kuma: tikitin da aka saya bayan ƙarfe biyar na yamma na gobe ne, amma za a bar ka ka shiga kallon faɗuwar rana a wannan yammacin ba tare da an ci maka kwana ba.

Abin hawa

Ka ɗauki tuk-tuk na yini. Nasu na asali babur ne da ke jan ɗan keken zama mai rumfa, iska na ratsa shi ta ko'ina. Akwai kuma irin Keke Napep da ake kira ta manhajar Grab ko PassApp, ya fi dacewa da cikin gari. Yinin ƙaramin zagaye, wato wuraren da ke kusa, yakan kama dala 15 zuwa 20, ana ƙara wani abu in da fitar asuba ko wuri mai nisa. Ku yi ciniki tun da dare, ku faɗi wuraren ɗaya bayan ɗaya, ka gaya masa za ka koma gari da rana. Ka ɗauki lambarsa da hoton kekensa, domin a bakin manyan wuraren za ka tarar da ɗaruruwa iri ɗaya. Wasu wuraren ta wata ƙofa ake shiga a fita ta wata, ka tambaye shi inda zai jira ka. Yawancin direbobin suna ajiye ruwan sanyi a akwati a ƙarƙashin kujera.

Ɗan jagora mai lasisi, a rana ta farko kaɗai, kuɗinsa ba ya tafiya a banza. In ku huɗu ne ku haɗa.

Rana ta farko: ka bar Angkor Wat tukuna

Kowa Angkor Wat, wurin bautar da ya fi shahara a filin, yake fara rugawa. Shawarata ka fara da Angkor Thom da ƙarfe bakwai da rabi, lokacin da ake buɗe yawancin wuraren. Birni ne mai ganuwa, kowane gefe kilomita uku, tsayin bango mita takwas, da ƙofofi biyar. Sarki Jayavarman na Bakwai ya gina shi bayan mayaƙan Champa, wata daula da ke cikin ƙasar Vietnam ta yau, sun ci Angkor a 1177, shi kuma ya kore su ya hau mulki a 1181. Ka sauka a ƙofar kudu ka taka gadar da ƙafa, tsakanin jerin gumakan da ke riƙe da jikin maciji.

A tsakiyar birnin akwai wurin bautar Bayon, mai manyan fuskoki sama da 200 da ke duban kowace kusurwa. Kowa sama yake kallo. Kai ka ba bangon waje na ƙasa lokaci, musamman gefen kudu, domin a nan masassaƙan suka bar alloli suka zana mutane. Za ka ga mata a kasuwa, ana faɗan zakaru mutane na caca, wasu na dara, ana gasa nama, mace na naƙuda, ga kada ta kama wanda ya faɗo daga jirgin yaƙi. Kekunan shanun da ke jikin bangon kusan irinsu ne za ka gani a ƙauyukan hanya. Wani jakadan Sin, Zhou Daguan, ya zauna a birnin daga 1296 zuwa 1297, kuma yawancin abin da aka sani game da rayuwar yau da kullum a Angkor daga rubutunsa da wannan bangon aka samo shi.

Daga nan ka wuce Baphuon da Dandalin Giwaye. Da sha ɗaya ta yi ka koma gari. Ka yi wanka, ka ci abinci, ka yi salla, ka kwanta. Wanda ya ƙi wannan hutun, da la'asar duk duwatsun iri ɗaya za su zama masa.

Wajen ƙarfe uku ka nufi wurin bautar Ta Prohm, wanda Jayavarman na Bakwai ya keɓe wa mahaifiyarsa a 1186. Rubutun da aka samu a wurin ya ce mutum sama da 12,000 ne ke hidimarsa, ban da kusan 80,000 a ƙauyukan da ke ciyar da shi. An bar manyan bishiyoyi a kan ginin da gangan. Wanda ya taɓa ganin yadda cediya ke tsirowa a jikin wata bishiya har ta shaƙe ta zai gane abin nan take: tsuntsu ya yar da iri a saman hasumiya, saiwa ta bi tsagar dutse ta sauko, ta yi kauri ta raba ginin, yanzu kuma ita ce ke riƙe da shi. In an sare ta bangon ya zube, in an bar ta ta ci gaba da ci. Masu gyaran wurin, waɗanda suka haɗa da ƙwararru daga Indiya, da wannan suke fama.

Rana ta biyu: Angkor Wat

Ana buɗewa ƙarfe biyar na asuba, don haka za ka bar otal wajen huɗu da rabi. A nan sai an yi shiri. A watannin Disamba da Janairu alfijir bai keto ba a lokacin, rana kuma sai wajen shida da rabi take fitowa. Ka yi alwala a ɗaki, ka ɗauki ƙaramar darduma, in lokaci ya shiga ka samu gefe a wajen tafkin, kusa da inda ake ajiye ababen hawa, ka yi sallarka kafin ka ƙetara. Alƙibla yamma ce, ta ɗan karkata arewa. Ka riƙe tocila, hanyar duhu ce kuma duwatsun ba a daidaice suke ba.

Sarki Suryavarman na Biyu, wanda ya hau mulki a 1113, shi ya gina Angkor Wat don Vishnu na addinin Hindu, daga baya ya koma hannun mabiya Buddha, kuma ba a taɓa barin sa gaba ɗaya ba. Shi ne a jikin tutar ƙasar. Ginin yamma yake kallo, shi ya sa rana ke fitowa ta bayan hasumiyoyinsa biyar. Tafkin da ya kewaye shi faɗinsa mita 190 ne, hasumiyar tsakiya kuma ta kai mita 65.

Jama'a za su taru a bakin ɗan kududdufin hagu, kowa da waya a sama. Da rana ta fito rabinsu za su koma otal karin kumallo. Wannan ne lokacinka. Ka shiga dogayen barandun da ke kewaye da ginin, ka bi su hannun hagunka na gefen bango, wato akasin tafiyar agogo. A kudu akwai sarkin kansa zaune ƙarƙashin laima da rundunarsa. A gabas akwai zanen da ya fi shahara, kusan mita 49, inda alloli da aljanu ke jan wani ƙaton maciji suna burga teku. Ka matsa kusa ka dubi inda dutse ya haɗu da dutse: babu siminti, babu laka, goga su aka yi har suka zauna daram. Ƙananan ramukan da ke jikinsu na ɗauka ne. Farin dutsen daga tsaunin Kulen aka kawo shi, tafiyar kusan kilomita 40, jan da ke ƙarƙashi mai ƙofofi-ƙofofi kuwa marmara ce.

Hawa na sama ana shiga ne rukuni-rukuni, matakalar a miƙe take, ba a barin ƙananan yara, kuma ana rufe shi a ranakun ibadar mabiya Buddha. Dokar tufafi, a rufe kafaɗa da gwiwa, ba za ta dame mu ba. Sai dai babbar riga da dogon hijabi mai jan ƙasa haɗari ne a kan matakala, a sa abin da ba zai harɗe ƙafa ba, da takalmi mai kama ƙasa.

Har yau ana bauta a wasu lunguna. Wata tsohuwa za ta iya miƙo maka turaren tsinke ko ta nemi ɗaura maka jan zare a hannu. Murmushi da girgiza kai sun isa, ka ce arkun, wato na gode, ka wuce. Mace kada ta taɓa limamansu masu jan mayafi, kuma a nemi izini kafin a ɗauke su hoto. Ba a sa hannu a zanen bango, ba a shan taba, ba a ba yara masu talla kuɗi ko alewa. Birai kuma ɓarayi ne, kada ka riƙe leda a hannu a gabansu.

Da yamma ka je Preah Khan, na mahaifin Jayavarman, wanda aka keɓe a 1191. Ya fi Ta Prohm shiru. In kana son faɗuwar rana, Pre Rup ya fi sauƙi a kan Phnom Bakheng, inda ake ƙayyade masu hawa.

Rana ta uku

Wurin bautar Banteay Srei na da nisan kusan awa guda a tuk-tuk. Ƙarami ne, na jan dutse mai laushin launi, an keɓe shi a 967, kuma wani malamin fada ne ya gina shi, ba sarki ba. Sassaƙarsa ta fi ta ko'ina zurfi da tsafta. A 1923 wani Bafaranshe, André Malraux, ya yanke wasu gumakansa zai fita da su aka kama shi, kuma shi ne daga baya ya zama ministan al'adu na Faransa. Ka je da sassafe kafin manyan motoci.

A hanyar dawowa ka ce a kai ka Baray ta Yamma. Ba ta cikin jerin da direbobi suka saba, amma a ganina wanda bai gan ta ba bai fahimci Angkor ba. Tafki ne da aka yi da hannu, tsawon kilomita takwas, faɗin biyu da ɗoriya, kuma har yau da ruwa a ciki. Ƙasar nan wata shida ruwa, wata shida rani, kuma birnin ya rayu ne a kan tara ruwa da raba shi ta magudanai. Binciken zoben itatuwa ya nuna an yi dogayen fari a ƙarni na 14 da na 15, da ambaliya a tsakaninsu da ta lalata magudanan. Ga yaƙi da daular Ayutthaya ta ƙasar Tailan ta yau, wanda ake danganta faɗuwar birnin da shi a 1431, ga kasuwanci ya koma bakin teku. Sarauta ta yi kudu, wajen Phnom Penh.

Mai sauran kwana da kuɗi ya ɗauki mota zuwa Beng Mealea, wanda daji ya ci, da Koh Ker mai gini irin dalar gyaɗa, hawa bakwai, wanda ya shiga jerin UNESCO a 2023 kuma tikitinsa daban ne. A irin waɗannan wurare na nesa kada ka bar hanyar da aka share, saboda nakiyoyin da yaƙin basasa ya bari a ƙasa. Wurin bautar Preah Vihear yana kan iyakar da ake rikici, ka bar shi. A cikin Siem Reap akwai cibiyar ƙungiyar APOPO inda ake nuna dabbar da ke shinshino nakiyoyin nan. Gafiya ce, ana horar da ita a Tanzaniya, kuma rashin nauyinta ne ya sa ba ta tayar da nakiya in ta taka.

Mazaunin Tailan da biza ta gagara, akwai ginin Khmer a Phimai da Phanom Rung a arewa maso gabashin ƙasar, Laos ma tana da Vat Phou.

Ranar komawa ka bar gari aƙalla awa uku da rabi kafin tashin jirgi. Ka kashe sauran riyel ɗinka ko ka mayar da shi dala tun a kasuwa, domin da ka fita Kambodiya da wuya ka samu ɗan canjin da zai karɓe shi.